Wa ya zana, wa ya ƙwaƙule, wa ya buga? Rikicin suna a hotunan karkara na farantin jan ƙarfe

A shekarar 1559 wani mai gidan ɗab'i a birnin Antwerp, cikin ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, ya fitar da jerin ƙananan hotuna bugun takarda. Sunansa Hieronymus Cock, gidan nasa kuma ana ce masa Iskoki Huɗu. Bayan shekara biyu ya ƙara wani jerin, suka tashi 44 gaba ɗaya. Babu sarki a cikinsu, babu yaƙi, babu ƙissar addini ko tatsuniyar Girkawa. Hanyar ƙauye ce, da gidaje masu jinkar ciyawa, da shingen gona, da kududdufi, da 'yan shanu, sai mutum biyu-uku suna wucewa. A shafin farko Cock ya rubuta cewa da gani da ido aka zano su, akasari a kewayen Antwerp. Ya sa sunansa a matsayin wanda ya buga. Sunan wanda ya zauna a bakin hanya ya zana su kuwa bai sa ba.

Farantan da aka buga hotunan da su sun fi Cock tsawon rai. Ya rasu a 1570, matarsa Volcxken Diericx ta riƙe gidan shekara 30, bayan rasuwarta farantan suka koma hannun gidan ɗab'in Galle, shi ma a Antwerp. A 1601 aka sake fitar da su, wannan karon da suna a goshi: Cornelis Cort, shahararren masassaƙin faranti da ya rasu a Roma tun 1578. A 1612 kuma Claes Jansz Visscher na Amsterdam ya kwaikwayi wani ɓangare na hotunan a sababbin faranti, ya ce aikin shahararren mai fenti Pieter Bruegel ne. Shi ma Bruegel yana kabari tun 1569. Aiki ɗaya, gidan ɗab'i uku: na farko bai faɗi kowa ba, sauran biyun sun kawo sunan mamaci wanda ba zai tashi ya musa ba. Masana na baya sun kawo nasu hasashen, wasu suka ce Matthijs Cock ɗan'uwan mai gidan ne, wasu Hans Bol, wasu Joos van Liere. Har yau ba a haɗu a kan kowa ba, shi ya sa gidajen tarihi suke rubuta "Gwanin Ƙananan Hotunan Karkara" su tsaya nan.

Wannan laƙabin ya fi mini duk manyan sunayen can daraja, domin iyakar abin da aka sani ya faɗa. Sunan da ke rubuce a ƙasan hoton bugu da'awa ce ta mai kaya. Shaidun da za a iya tsarewa da tambaya su ne layin da ke jikin hoton, da farantin da ya haife shi, da takardar da ya hau. Kowannensu akwai inda saninsa ya ƙare. Ba za a gane maganarsu ba sai an shiga ɗakin aikin an ga yadda ake yi.

Kafin zuwan asid, mai son buga hoto daga farantin jan ƙarfe da hannu yake sassaƙa shi. Yana riƙe da ɗan ƙarfe mai tsini, mariƙinsa a tsakiyar tafin hannu, yana tura shi cikin farantin yana fere siririn zare na ƙarfe. In yana son layi ya lanƙwasa, farantin yake juyawa a kan ɗan matashin fata. Sana'a ce ta shekaru, tushenta a wurin maƙeran zinariya da azurfa, kuma mai fenti komai gwanintarsa ba zai wayi gari ya iya ba. Layin da take bayarwa tsaf yake, yana farawa siriri, ya kumbura a tsakiya, ya ƙare da tsini.

Zanen asid, wanda Turawan Ingila ke kira etching, ya sauke wannan wahala daga hannu ya ɗora wa ruwan. Ana goge faranti har ya yi sheƙi, a ɗumama shi, a shafe shi da haɗin kakin zuma da ƙaro da kwalta. Sai a kife shi bisa harshen kyandir har hayaƙi ya baƙanta shafin. Mai zane ya ɗauki allura ya yi zanensa kamar da alƙalami. Ba ƙarfen yake yanka ba, shafin kawai yake tsagawa, jan ƙarfe yana walƙiya ta ƙarƙashin baƙi duk inda allura ta bi. Daga nan a rufe baya da gefuna, a kwarara asid a kai ko a tsoma farantin ciki. Asid ba ya cin kaki, sai inda allura ta buɗe masa. Ƙananan kumfa sukan taru a bakin layi su tare hanya, mai aikin yana share su da gashin tsuntsu. In ya ga cin ya isa, ya wanke, ya cire shafin, ya cusa tawada mai kauri cikin ramukan, ya goge saman da tsumma, ya ƙarasa da gefen tafin hannunsa. Sannan a ɗora takarda mai danshi, a rufa mata mayafin ulu, a murza su tsakanin gungume biyu na na'urar matsi. Takarda ta nutsa cikin ramukan ta tsotso tawadar. Hoto ya fito hagu a dama, dama a hagu, da shatin gefen farantin kewaye da shi.

Abin da ya sa wannan hanya ta dace da hoton daji da ƙauye abu biyu ne. Na farko, ganye da ciyawa da gajimare ba sa son layi mai horo, suna son hannu mai yawo, allura kuwa tana yawo cikin kaki ba tare da turjiya ba. Na biyu ya fi muhimmanci, wato yadda ake nuna nisa. Mai zane yakan bar asid ya ɗan taɓa farantin na ɗan lokaci, ya fitar, ya rufe layukan duwatsu da hasumiyoyin da ke can nesa da shafi, ya mayar da farantin cikin ruwa. Sai ya rufe na tsakiya, ya sake mayarwa. Itacen da ke gaba shi ne ya fi daɗewa, raminsa ya fi zurfi, ya fi ɗaukar tawada. Nesa ta fito fari-fari kamar cikin hazo, kusa ta fito baƙi wuluk. Tsawon lokacin da faranti ya yi cikin asid shi ne ya koma tazarar tafiya a idon mai kallo.

Tarihin hanyar a gurguje: daga masu yi wa sulke ado ta fito. Daniel Hopfer na Augsburg a Jamus ne ya fara buga hoto da ita wajajen 1500, a farantin baƙin ƙarfe. Albrecht Dürer ya gwada sau shida, na ƙarshe a 1518, hoton fili mai faɗi da igwa a gaba, sannan ya bari. Baƙin ƙarfe yana tsatsa, kuma ana ganin tabon tsatsar a bugun da aka yi daga baya, wanda shi kansa ya zama alamar gane na farko da na ƙarshe. A daidai waɗannan shekarun Albrecht Altdorfer na Regensburg ya yi 'yan hotuna da babu komai cikinsu sai itatuwa da tuddai da kogi. Da aka koma jan ƙarfe, aikin ya yi laushi. Jacques Callot, mutumin Nancy da ya yi aiki a Florence, ya kawo shafi mai tauri irin na masu haɗa kayan kiɗa, wanda ba ya ɓarewa cikin asid, ya kuma kawo allura mai yankakken baki wadda in an murza ta layi yakan kumbura ya tsuke. A 1645 Abraham Bosse ya wallafa littafin koyar da sana'ar a Paris, kuma burin da ya sa wa ɗalibi a ciki shi ne zanen asid ya fito har a ɗauka sassaƙa ce. Wannan buri yana da nasa rabon a rikicin, domin yana nufin akwai gwanayen da ƙwarewarsu ita ce ɓoye hannunsu.

Wanda ya san yadda babbar riga mai aska takwas take fitowa ba zai sha wuyar gane tsarin ba: akwai mai zana fasalin a jikin yadi, akwai maɗinkin da ya kwashe watanni yana bin zanen da allura, akwai mabugi, akwai ɗan kasuwar da ya ba da aikin kuma ya sayar, sai ka ji ana kiran rigar da sunan mutum ɗaya. Masu buga hoto sun tanadi kalmomin Latin don raba wannan aiki. Invenit na nufin wanda ya ƙirƙiro fasalin. Fecit ko sculpsit, wanda ya yi aikin faranti. Excudit, wanda ya buga ya fitar kasuwa. Da ana cika su duka da gaskiya da babu rigima. Amma mai faranti ne ke da ikon rubutu, kuma goge suna a jan ƙarfe ba wuya: a kankare wurin, a daddoka ta baya ya taso, a goge, a rubuta wani.

Misalin da ya fi fitowa fili daga gidan Cock ɗin ne. A gidan tarihi na Albertina da ke Viyana akwai zanen alƙalami na katon kifi da aka farke cikinsa ƙananan kifaye suna zubowa, da sa hannun Bruegel da shekarar 1556. Da aka buga shi a 1557, aikin farantin Pieter van der Heyden, sunan da ya fito a matsayin mai ƙirƙira na Hieronymus Bosch ne, wanda ya rasu tun 1516. A lokacin Bruegel saurayi ne mai tasowa, Bosch kuwa sunansa na sayar da kaya. Akwai masu yi wa Cock uzuri cewa wataƙila tushen fasalin na Bosch ne. Ko da haka ne, wanda ya yi zanen da aka bi layi bayan layi an bar shi a waje. Bayan shekara 55 al'amarin ya juya, sunan Bruegel ya zama shi ake liƙa wa aikin wasu. Ban ce Visscher maƙaryaci ba ne, mai yiwuwa abin da ya ji ke nan ya gaskata. Amma kasuwarsa a bayyane take. Bayan Antwerp ta faɗa hannun sojojin Sifen a 1585, dubban mutanen kudu sun yi ƙaura zuwa Amsterdam da Haarlem, kuma hotunan ƙauyukan Brabant, yankin da Antwerp take, da sunan babban gwanin ƙasarsu a kai kaya ne da ke taɓa zuciyar mai kewar gida. Daga waɗannan kwafi da irinsu ne matasan Haarlem, su Esaias van de Velde da Jan van de Velde, suka ga cewa hanyar bayan garinsu ma ta isa a zana.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi a wannan labari 'yan'uwa biyu ne daga Deventer, Joannes da Lucas van Doetecum. Su suka yi aikin farantan ƙananan hotunan, su kuma suka yi na manyan hotunan duwatsu 12 da Bruegel ya zana bayan ya ƙetare tsaunukan Alps, waɗanda Cock ya buga wajajen 1555. Sun iya sarrafa asid har layinsu ya yi tsaftar sassaƙa, sannan su bi da ƙarfen sassaƙa su ƙarasa. Sunan Bruegel da na Cock ne a jikin manyan hotunan, aka daɗe ana zaton Cock da kansa ya yi farantan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a ƙarni na 20, da aka jera ayyukan da suka sa wa hannu kusa da waɗannan, aka mayar musu da haƙƙinsu. In ana son a ga bambancin hannunsu da na Bruegel, akwai ma'auni guda: faranti ɗaya tak Bruegel ya zana da allurarsa, hoton farautar zomo na 1560. Maharbi ya ɗana baka yana auna zomaye, wani mutum da mashi yana laɓe a bayan itace, kwari ya shimfiɗu har bakin sama. Ganyen da ke cikinsa ɗigo-ɗigo ne da gajerun layuka masu rawa, haske yana ratsa su. Na 'yan'uwan kuwa a jere suke, a tsare, kowane layi ya san wurinsa. Duka biyun aiki ne mai kyau, amma ba mutum ɗaya ba ne. Ko a ƙananan hotunan ma, 'yan zanen asali da suka tsira sun nuna cewa mutane da dabbobin da ke ciki wani hannu ne daban ya ƙara su. Ke nan kafin a kai ga faranti ma an riga an sami hannu biyu.

Ido shi ne shaida na farko, kuma ba a raina shi. Amma ido yana da so, yana kuma gado. Abin da malami ya koya wa ɗalibi cewa "wannan Bruegel ne" shi ɗalibin zai riƙa auna saura da shi, in ma'aunin ya karkace komai ya bi shi. Haka ta faru. Akwai tarin zanen manoma da 'yan kasuwa da aka yi shekaru ana koyar da su a matsayin shaidar yadda Bruegel yake kallon talakawa, sai wajajen 1970 aka tabbatar na Roelandt Savery ne, wanda aka haifa bayan rasuwar Bruegel. Daga baya masanin Jamus Hans Mielke ya nuna cewa wasu ƙananan zanen karkara masu ɗauke da sunan Bruegel da shekaru aikin Jacob Savery ne, yayan Roelandt. Sannan wasu manyan zanen duwatsu da ake yi wa kallon ƙololuwar aikinsa suka faɗi, saboda tambarin da ke cikin takardar ɗaya daga cikinsu na shekarun 1580 ne. Mutumin da ya rasu a 1569 ba ya zane a takardar da ba a yi ba tukuna.

Wannan shaida ta takarda tana buƙatar bayani. Takardar wancan zamani da tsummoki ake yin ta, a daka su su zama kunu, a tsoma wani faifai na saƙar waya a ɗebo, ruwa ya tsiyaye. In ka ɗaga irin wannan takarda ga haske za ka ga layuka matsattsu a kwance, da wasu masu tazara a tsaye, da ɗan hoto da aka lanƙwasa da waya aka ɗinke a faifan: tulu, ko kan wawan sarki, ko furen lili cikin garkuwa. Faifan biyu-biyu ake aiki da su, kuma ba sa wuce 'yan shekaru sai su lalace a yi sababbi. Wayar tana lanƙwashewa a hankali, saboda haka babu faifai biyu da suke daidai da juna ko da hotonsu ɗaya. In aka sami takarda biyu daga faifai ɗaya, ɗaya tana da kwanan wata tabbatacce, to ɗayar ma ba ta yi nisa da shi ba. Charles-Moïse Briquet ya tara irin waɗannan tambura sama da 16,000 ya wallafa a 1907. Masu nazarin tsofaffin littattafanmu na Larabci da ajami ma da wannan hanya suke aiki: takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ta ƙetaro Sahara ta Tarabulus da Alƙahira zuwa Kano da Borno, takan taimaka a gane zamanin da aka kwafi littafi. Sai dai a nan da can iyakarta ɗaya. Takarda tana faɗin lokaci, ba ta faɗin hannu. Tana iya korar suna, ba ta iya kawo shi.

A wurin Rembrandt, shahararren mai zanen Amsterdam na ƙarni na 17, ne duk waɗannan matsaloli suka taru wuri ɗaya. Kundin farko na hotunansa na faranti, aikin Gersaint, ya fito a Paris a 1751. Adam Bartsch na Viyana ya lissafa 375 a 1797, kimanin 50 daga ciki na karkara. A 1877 Francis Seymour Haden, likitan tiyata wanda shi kansa mai zanen asid ne, ya shirya baje koli a Landan inda ya jera hotunan bisa shekaru maimakon bisa abin da suke nunawa. Da aka jera su haka, waɗanda ba su dace da tafiyar hannun ba suka fito fili, ya ce da yawa aikin ɗalibai ne. Daga nan wuƙa ta yi ta yanka har ta wuce gona da iri, mai zane Alphonse Legros ya ce 71 kaɗai ya tabbatar. Kundin da ake dogaro da shi yanzu, wanda Erik Hinterding da Jaco Rutgers suka fitar a 2013, ya tsaya a 314, na karkara a ciki ba su kai 30 ba. Kusan rabin abin da Bartsch ya lissafa a wannan fanni sun koma wa ɗalibai da makwaikwaya, ko sun zauna ba suna.

A ɗauki hotonsa na itatuwa uku, na 1643, wanda faɗinsa bai wuce santimita 28 ba. Itatuwan suna tsaye a kan tudu ta dama, baƙi ƙirin, haske na bayansu. Ta hagu layuka a karkace sun tsaga sama kamar saukar ruwa. A ƙasa mai kamun kifi ne da mace a gefensa, can nesa shanu da injin iska da inuwar birni, a kan tudun ga keken doki, ga wani ɗan mutum zaune yana zane. Hanya uku ya haɗa a faranti ɗaya: asid, da ƙarfen sassaƙa, da karce. Karce shi ne a ja allura kai tsaye a jikin ƙarfen ba kaki ba asid. Allurar ba ta cire ƙarfe, tura shi gefe take yi, sai ɗan leɓe ya tashi a bakin layin. Wannan leɓen yana riƙe tawada, yana ba da baƙi mai laushi kamar karan-miski. Amma duk murzawa ɗaya a na'ura tana danne shi, bayan 'yan bugu kaɗan ya kwanta. Shi ya sa takarda biyu daga faranti ɗaya za su iya bambanta kamar dare da rana: ɗaya hadari ya haɗu a cikinta, ɗaya ta koɗe ta yi fayau. Kuma Rembrandt yakan bar ɗan dusar tawada a saman faranti da gangan, ya goge nan ya bar can, ya buga wasu a takardar Japan mai ruwan ƙwai wadda jiragen kamfanin Holan mai fatauci a ƙasashen Gabas suke kawowa. Gogewar tawadar ma zane ce a wurinsa. To in wani ya ɗauki farantinsa bayan shekara ɗari ya goge yadda ya ga dama, aikin wa ke nan?

Tambayar ba ta hasashe ba ce. A 1679, shekara goma bayan rasuwarsa, lissafin kayan dillalin hotuna Clement de Jonghe ya nuna farantansa 74. Sun yi ta sauya hannu har kimanin 80 suka isa wurin Pierre-François Basan a Paris a 1786, ana bugawa, in sun koɗe a sake bin layukan da ƙarfe ko asid. Wani Kyaftin William Baillie ya sami farantin shahararren hoton Rembrandt da ake kira na gilda ɗari (gilda kuɗin Holan ne na da), ya sake masa aiki wajajen 1775, ya buga, sannan ya yanka shi gida huɗu ya ci gaba da buga gutsattsarin. Ragowar tarin wani Ba'amurke ya saye shi a 1938, aka sayar da shi ɗai-ɗai a 1993, kuma an sake bugawa da takwas daga ciki a ƙarshen shekarun 1990. Duk waɗannan ana iya rantsuwa cewa daga farantin Rembrandt suka fito, ba a yi ƙarya ba, amma mai saye da ya tsaya a wannan jimla an cuce shi. Abin da binciken tambarin takarda ya ƙara, musamman na Hinterding a 2006, shi ne raba bugun da aka yi yana raye da na bayansa. Wasu gyare-gyaren faranti da aka daɗe ana yabawa a matsayin tunaninsa na ƙarshe, sai ga shi ba a samun su sai a takardar da aka yi bayan 1669. Masana suna kiran kowane sauyi da aka yi wa faranti mataki, su lissafa na ɗaya, na biyu, na uku. Kundin 2013 ya lissafa har matakan da wasu suka ƙara, ya kuma nuna inda hannun mai shi ya tsaya. Wannan shi ne adalci ga mai zane da mai saye baki ɗaya.

Akwai kuma inda Rembrandt ɗin ne ya shiga gonar wani. Hercules Segers, wanda aka haifa wajajen 1590, shi ne mafi ban mamaki a duk masu wannan sana'a. Faranti 53 aka sani nasa, bugun da suka tsira ba su kai 190 ba, kuma da wuya ka sami biyu iri ɗaya. Yakan buga da tawada shuɗiya ko kore, a takardar da ya riga ya shafa wa launi ko a ƙyallen lilin, ya bi da buroshi, ya datse gefe. Yakan yi zane da ruwan sukari a farantin, ya rufe da kaki, ya tsoma a ruwan ɗumi, sukarin ya kumbura ya ɗaga kakin, asid ya sami hanya. Ko inda asid ya ɓarke ya ci wurin da ba a so, sai ya mayar da ɓarnar dutse. Kwarurrukansa kufai ne, duwatsu kamar an ƙone su. Rembrandt yana ƙaunar aikinsa, lissafin kayansa na 1656, lokacin da bashi ya karya shi, ya nuna fentin Segers takwas a gidansa. Ya kuma mallaki farantinsa ɗaya, mai nuna saurayi Tobiya da mala'ika suna tafiya a gefen kwari, labari daga littattafan Yahudu da Nasara. Fasalin ma ba na Segers ba ne tun asali, daga fentin Adam Elsheimer ya ɗauko ta hanyar bugun Hendrick Goudt. Wajajen 1652 Rembrandt ya kankare mutum biyun, ya sa Maryam da jaririnta a kan jaki da Yusufu yana ja, a hanyarsu ta zuwa Masar. Ya ƙara itatuwa, ya bar kwarin da ke hagu kusan yadda ya same shi, kuma burbushin fiffiken mala'ikan bai gama ɓacewa daga cikin ganyen ba. Hannu huɗu ke nan a hoto ɗaya. Abin da ya cece mu a nan shi ne bugu biyu na matakin Segers da suka tsira. Da sun ɓata, da yau ana rubuta littattafai a kan yadda Rembrandt ya iya zana kwari a wannan shekarar.

Ba kowa ya yi wannan sa'ar ba. Johannes Ruischer ya bi salon Segers har mutanen zamaninsa suka yi masa laƙabi da ƙaramin Hercules. Wasu farantansa sun faɗa hannun Anthonie Waterloo, mai zanen dazuzzuka da ya yi kasuwa sosai, ya ƙara musu layuka da 'yan itatuwa, suka shiga cikin jerin aikinsa. Farantan Waterloo an yi ta buga su har cikin ƙarni na 18, na Ruischer suna tafe a ciki da rigar wani. Wasu ayyukan nasa kuma aka jingina wa Segers, tunda sun yi kama kuma sunan ya fi tsada. An cinye shi ta gaba da ta baya. Waɗanda suka tono shi sun yi ne da haƙurin neman bugun farko, na kafin a taɓa farantin, su ajiye shi kusa da na baya su ga abin da aka ƙara da abin da aka kankare. A 1973, da Egbert Haverkamp-Begemann ya fitar da cikakken kundin farantan Segers, an haɗa masa da wani ƙarin sashe na Eduard Trautscholdt wanda ya tattara aikin Ruischer a ƙarƙashin sunansa, kusan shekara 300 bayan ya yi shi.